Ciyawar da na shimfiɗa ta ƙone: in haƙa burtsatse ko in bari a sa intalok?

"Assalamu alaikum Malam. Shekara biyu ke nan da tarewarmu a sabon gida a bayan garin Kano. Akwai ragowar fili a tsakar gida, wajen mita 10 da 12. Na sa an shimfiɗa ciyawar kafet, an jera dogayen itatuwan nan na ado a jikin katanga. Da damina abin gwanin ban sha'awa, amma kafin Afrilu ciyawa ta ƙone ƙurmus, rabin itatuwan sun mutu, ga kuɗin 'yan garuwa da na yi ta zubawa. Yanzu maigidan ya ce a zuba intalok kowa ya huta, ni kuma ina son kore a gidana. In matsa a haƙa burtsatse ne, ko akwai hanyar da ba ta cin ruwa da kuɗi haka?"

Wa'alaikumus salam Hajiya. In na fahimce ki, tambaya biyu ce a dunƙule: me ya kashe abin da kika shuka, sannan tsakanin burtsatse da intalok wanne ne mafita. Shawarata ita ce ki dakata da duka biyun. Gidanki yana samun ruwan da zai rayar da itatuwa da ɗan lambu, sai dai duk shekara ta rariya yake ficewa ya tafi titi. Na yi shekaru ina malamin gona kafin in koma renon dashe da gyaran filayen gidaje da makarantu, kuma babu bazarar da ke wucewa ban ji irin wannan koke naki ba.

Abin da ya kashe ciyawar

Mu fara da lissafi, don shi ne zai nuna miki ba hannunki ne marar albarka ba. A watannin Maris da Afrilu, rana da busasshiyar iska suna ɗauke wajen lita 7 na ruwa a kullum daga kowane murabba'in mita da ciyawa ta rufe. Filinki murabba'in mita 120 ne. Wato lita 840 a rana, jarka mai lita 25 sama da talatin, kullum ta Allah, har ruwa ya sauka. Ko da kin sayi kura guda kowace safiya, rabin ƙishinta ma ba ki kashe ba. Ciyawar kafet ta wuraren da ruwan sama ke yin wata takwas ko tara ce. Mu nan daminarmu daga Yuni zuwa Satumba take, sauran watanni sai abin da ƙasa ta riƙe. Dogayen itatuwan nan da masu sayar da fulawa ke kira maskwared su ma asalinsu ƙasar Indiya ne, masu son laima ne, kuma ko sun rayu inuwarsu ba ta isa mutum ya shimfiɗa tabarma.

Sai kuma ƙasar kanta. Tsakar gidan sabon gini yawanci cikon jar ƙasa ce da ɓaraguzan bulo da ragowar kwaɓin siminti, an tattake ta da ƙafa da baro har ta zama kamar daɓe. Mai fulawa ya zo ya barbaɗa baƙar ƙasa kaurin yatsa uku, ya shimfiɗa ciyawa a kai. Saiwa ba ta da inda za ta. Yayyafin da ake mata safe da yamma kuma yana ƙara koya mata zama a sama, inda rana ta fi duka. Ranar da mai ruwa bai zo ba, kwana biyu sun isa.

Burtsatse zai iya ba ki ruwan gida, wannan wata bukata ce daban. Amma ki sani yawancin Kano a kan dutse take zaune, ruwan ƙarƙashinta a cikin tsage-tsagen dutsen da ruɓaɓɓen samansa yake, ba wani tafki ba ne shimfiɗe. Shi ya sa za ki ga an samu ruwa a wannan gida, an haƙa a na kusa an tashi a tutar babu. Kowa na zuƙa, kowa kuma ya toshe tsakar gidansa da siminti, ta ina ruwan zai koma ƙasa? Zuciyata ba ta kwanta da a jawo ruwan da unguwa ke sha a zuba wa ciyawar da ko akuya ba za a bari ta ci ba.

Shi kuwa maigida yana da hujja, kada ki raina ta: ƙura da rani, caɓi da damina, ga wurin ajiye mota. Sai dai ki roƙe shi ya ɗora tafin hannunsa a kan intalok ɗin maƙwabta da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Wannan zafin da ya tara, shi yake amayarwa cikin ɗakuna har tsakar dare. Abin da nake yi a gidaje shi ne raba gardama: a sa intalok a hanyar shiga da wurin mota kawai, a jera shi a kan yashi ba tare da kankare a ƙarƙashi ba, a karkata shi kaɗan yadda ruwansa zai gangara wajen shuka.

Ruwan da ke fita ta rariya

Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. In rufin gidanki ya kai murabba'in mita 150, to ko a shekarar da aka samu milimita 700 kacal, lita 105,000 ce ta sauka a kansa. Duro mai lita 200 sama da ɗari biyar ke nan, ban da wanda ya sauka a filin. Ba ki da tankin da zai ɗauke wannan, kuma ba na ba ki shawarar ki nema. Tanki ɗaya ko biyu a ƙarƙashin indararo suna da amfani, a rufe su ruf saboda sauro, a bar ruwan farko ya wanke ƙurar kwano ya zube. Amma babban ma'ajin da kike da shi ita ce ƙasar da ke ƙarƙashin ƙafarki.

Wannan darasi a wurin 'yan'uwanmu na Nijar na fi ganinsa a fili. A jihar Tawa akwai filayen da suka zama faƙo, ruwa ya sauka ya zarce ko digo bai shiga ba. Manoma suka riƙa haƙa ƙananan ramuka da suke kira tassa, faɗin taƙi ɗaya da ɗan ɗori, su tara ƙasar da suka fitar ta gefen gangare, su zuba taki cikin tafi biyu. Ruwa ya taru a ramin, gara ta biyo takin ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwa ya bi ya nutse. Dabarar ta yi ƙarfi ne daga yankin Yatenga na Burkina Faso, inda ake ce mata zai, kuma marigayi Yakuba Sawadogo ya yi suna a duniya saboda ita. Akwai kuma rabin wata, wato kunya mai siffar jinjirin wata da ake buɗe bakinta ta inda ruwa ke gangarowa. Da waɗannan aka mayar da faƙo gonar gero. Filin da bai wuce taku goma sha biyar ba a cikin katanga ai ya fi sauƙi.

Ga yadda za ki yi. Ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi, ki fito da lema ki tsaya ki ga inda yake zubowa, inda yake bi, da inda yake fita. A kan wannan hanya tasa za a yi kwarin shuka: wuri mai faɗi da ya yi ƙasa da sauran fili da kamar taƙi ɗaya, an fasa daɓen cikinsa da diga, an tsince ɓaraguzai, an cuɗa da taki. Masu fulawa sun saba ɗaga kwami, wato wurin shuka, sama su kewaye shi da bulo. Wannan tsarin masu gudun ruwa ne. Mu masu neman ruwa ne, kwaminmu ƙasa yake yi. A bakin indararo a zuba tsakuwa don kada ruwa ya ƙwaƙule wurin, sannan a bar mafita ta sama yadda in kwarin ya cika a watan Agusta rarar za ta bi rariya kamar da.

Sharuɗɗa biyu ba na sassauci a kansu. Kwarin ya nisanci harsashin gini da katanga da aƙalla mita 3, ya kuma nisanci sokawe da rijiya. Na biyu, kafin komai ki haƙa ramin gwaji zurfin kamu ɗaya, ki cika shi da ruwa, in ya tsotse ki sake cikawa. In ruwa na biyu ya kwana ya wuni bai tafi ba, ƙasarki laka ce ko akwai dutse kusa, sai a rage zurfi a ƙara faɗi. Sauro yana bukatar wajen mako guda kafin ƙwansa ya zama mai tashi, don haka ruwan da ke nutsewa cikin kwana ɗaya ba ya haifar da shi.

Ciyar da ƙasa, a kuma rufa mata asiri

Manoman kewayen Kano sun daɗe suna noma gona ɗaya shekara da shekaru ba hutu, da takin da jakuna ke kwasowa daga birni. Abin da suke saye, ke kina zubarwa kullum. Ki yi rami a lungu, ki riƙa zuba ɓawon kayan miya, ganyen da aka share, kashin awaki ko na kaji, da ɗan toka kaɗan. Ban da leda, batir, nama da mai. A riƙa yayyafa ruwa, a juya shi duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan fari. Garin gawayin da ke taruwa a gindin buhu ma a zuba a ciki, yana taimaka wa ƙasa mai yashi ta riƙe laima. Ɗanyen kashin kaji kuwa kada ya kusanci shuka. Na taɓa asarar dashen gwanda kusan layi guda a wata makaranta saboda na yi gaggawar zuba shi bai ruɓe ba, cikin kwana uku ganyen suka yi kamar an babbaka, kuma har yau ina jin zafin abin don yara ne suka yi ta ɗawainiyar ban ruwan.

Babban abin da ke ba ni wahala da masu gida shi ne tsintsiya. Mun taso da cewa tsakar gida mai tsafta ita ce wadda aka share tas, a tara ganye a cinna masa wuta. A wurin zama haka ne. A gindin shuka kuwa ƙasa tsirara ƙasa ce mai ƙuna. A lulluɓe ta da busasshen ganye, ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa ko tsohon zana, kaurin yatsa huɗu. Wani Afrilu na kai wani maigida gindin lemun tsaminsa da muka lulluɓe, kwana biyar rabonsa da ruwa. Na ce ya tura hannu. Ya yaye ganyen, ya tona da yatsa, ƙasar ta fito da sanyi tana manne masa a farce, har da tana guda tana motsi. Taku biyu daga nan, inda aka share, ƙasar ba ta takuwa ba takalmi. Daga ranar ya hana ƙona ganye a gidansa.

Za ki ce gara fa? Gaskiya ne lulluɓi yana kiranta. Busasshen abu take nema, kuma ramukanta suna buɗe ƙasa. Sai dai kada lulluɓin ya taɓa jikin itacen, a bar tazarar tafin hannu, kada kuma ya kai jikin gini ko ƙofar katako. Itacen da ƙishi ya galabaita shi gara ta fi kayarwa.

Me za a shuka

Inuwa ake fara nema, sauran su biyo baya. Amma kafin ki sayi ko dashe ɗaya, ki duba abin da ke tsirowa da kansa a filin. A farkon shekarun 1980, a yankin Maraɗi, wani ma'aikaci ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya gaji da dasa itatuwan da ke mutuwa, sai ya lura cewa 'yan tsirrun da manoma ke sassabewa duk shekara tohon kututture ne masu tsohuwar saiwa a raye. Aka fara barin reshe biyu ko uku mafi ƙarfi a datse sauran. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani, kuma an ƙiyasta ya dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Gidajen bayan gari irin naki jiya-jiya gonaki ne. In kika ga tohon magarya, kurna, aduwa ko kalgo a wurin da bai tsare hanya ba, kin samu itacen da ba zai taɓa neman ruwanki ba.

Gawo shi ne sarkin itatuwan gona, yana zubar da ganye da damina ya yi kore da rani, amma ya fi ƙarfin tsakar gida, ga ƙaya. Darbejiya, wadda wasu ke kira maina ko dogon yaro, ita ma daga Indiya aka kawo ta, sai dai ta karɓi ƙasar nan hannu bibbiyu. Inuwarta babu kamarta, amma saiwarta tana bin laima har cikin sokawe, don haka a ƙofar gida ta fi dacewa, nesa da gini. Itacen turare kuwa kada ya shigo miki gida ko kyauta aka ba ki, zuƙar ruwansa ta yi yawa kuma ba abin da ke jin daɗi a ƙarƙashinsa. Mangwaro yana son fili da ruwa a shekarunsa na farko. In ana sonsa, ɗaya ya isa, mai aure, a kwarin da ya fi samun ruwan rufi.

Da ni ne da filinki, itacen inuwa ɗaya zan sa ta yamma, inda rana ke dukan ɗakuna da la'asar. Sai lemun tsami, gwaiba da rumman, kowanne a kwarinsa. A jikin katanga, inda maskwared suka mutu, zan jera zogale da lalle. Zogale a riƙa sare kansa daidai ƙirji don ya yi rassa a samu na kwaɗo, lalle kuma in ya yi fure da yamma gidan duka sai ya ɗauki ƙamshi. Wannan ba sabon abu ba ne. A gidan da na tashi, ruwan makewayi yana bin 'yar hanya ya ƙare a gindin gwanda da lalle, zogale yana jikin danga, kabewa ta hau rufin ɗakin girki. Babu wanda ya taɓa sayen ruwa dominsu.

Na ado ma akwai masu haƙuri. Bugambiliya, mai furen nan kamar takarda, ta fi yin fure in an ɗan bar ta da ƙishi. Ƙariya tamu ce ta daji, tana fure da tsakiyar rani, sai dai ruwan jikinta dafi ne, a kiyaye in akwai ƙananan yara. Alobera da ciyawar shayi mai ƙamshin lemo suna yin kyau a bakin kwari. In kuma ranki yana kan ciyawa, ki ware ɗan wuri daidai shimfiɗar tabarma biyu a inuwa, ki sa kiri-kiri. Da rani za ta yi fari kamar ta mutu, ruwan farko ta farfaɗo.

Ban ruwan rani

Ruwan alwala shi ne mafi tsafta a cikin ruwan da gida ke zubarwa, kuma sau biyar ake samunsa a rana. A gyara wurin alwala yadda zai gangara gindin itace, ko a ajiye baho. Ruwan wanke shinkafa da kayan miya ya tafi lambu. Na wanka ya tafi gindin itatuwa, a ƙarƙashin lulluɓi, kada ya kwana a bokiti. Na wanki mai omo da bilic yana tara gishiri a ƙasa, na wanke-wanke kuma maiƙo ne da shi, waɗannan a bar su su bi rariya. Duk ganyen da za a ci ɗanye, kamar latas, ruwa mai tsafta kawai.

Dabarar da na fi so ita ce tulu. Ki samu tulun ƙasa marar fenti, a binne shi har wuya, a cika da ruwa, a rufe bakin da murfi. Ruwa yana tsatsafowa ta jikinsa gwargwadon bushewar ƙasa, saiwoyi su zo su rungume shi. A kewayensa a dasa tumatir, tattasai ko yalo guda huɗu, a riƙa duba shi duk kwana uku. Itatuwa kuma a shekararsu ta farko gara a ba su bokiti biyu sau biyu a mako, da yamma, da a riƙa yayyafa musu kullum. Ruwan da ya nutse shi ke jan saiwa ƙasa.

Maganar ƙwari a taƙaice: kada piya-piya ko wani maganin feshi mai ƙarfi ya shiga lambun da yaranki ke wasa kuma kike tsinka ki zuba a tukunya. Irin sinadarin nan ne aka samu ya yi yawa a wakenmu har Tarayyar Turai ta hana shigar da waken a 2015. Ki daka busassun 'ya'yan darbejiya kamar rabin kilo, ki jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ki tace, ki sa ɗan sabulu, ki fesa da yamma har bayan ganye, ki maimaita bayan mako. Yana rage darɓa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ganye, da tsutsa sosai. Ba ya gama da komai: tsutsar sharon da ta cinye tumatirin Kano da Kaduna a 2016 in ta yi yawa sai dai a tuge abin da ta kama a binne.

Iyakar wannan shawara

Ban taka filinki ba, Hajiya. In unguwarku fadama ce da ruwa ke kwanciya, ko ginin ƙasa ne, ko an ga tsagewa a katanga, to kafin a nutsar da ruwa kusa da gini sai injiniya ya duba, wannan ba fagena ba ne. Kuma kada in yaudare ki: wannan tsari ba zai ba ki shimfiɗaɗɗen kore irin na hotuna a watan Afrilu ba. Korenki na bazara a sama zai kasance, a kan itatuwa, ƙasa kuma ruwan toka da launin busasshen ganye. Shekara biyu na farko kuma sai an yi ban ruwa da tsaron awaki.

Aikin yana bin lokaci. A Afrilu da Mayu a yi haƙa, a zuba taki, a bar ramuka su jira. Kada ki yi dashe da ruwan farko, yakan yi ɗauke-ɗauke. Ki bari sai damina ta zauna, ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli, don dashen ya samu wata biyu cur yana sha kyauta. Da damina ki watsa kuɓewa, rama, yakuwa da alayyafo a gefen kwaruruwan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu lokacin latas, karas, albasa da tumatir ne a kewayen tuluna. In Maris ya kama, ki tattara lambun, ki ƙara kaurin lulluɓi, duk ruwan da ya samu a ba itatuwa. Wajen sayen dashe kuma ki ɗaga ledar ki duba gindinta: wanda saiwarsa ta huda ta kama ƙasa ko ta nannaɗe a ciki ki bar shi, ki ɗauki ƙarami mai kaurin jiki da bai wuce gwiwa ba.